Ranar da Uwani Ta Faɗi Sunan 'Yar Fari

A Nassarawa GRA ta Kano mutum yana iya shekara goma bai san fuskar maƙwabcinsa ba, amma ya san ƙamshin miyarsa. Masu gadin layin da Hajiya Maryam Nana take zaune sun san ranar da ake dambu a gidanta, sun san ranar miyar kuka da man shanu, sun kuma san mai hannun. Uwani ce, wata doguwar mata mai tsadar dariya, wadda ta baro ƙauyensu Tsamiya Uku a Jigawa bayan rasuwar mijinta, ta shekara goma sha ɗaya tana girki a gidan. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma duk wanda ya ɗauka don haka ba ta san inda ƙasar nan ta dosa ba, ya ja ta da hirar siyasa ya sha mamaki.

Makarantarta wata 'yar rediyo ce da take jinginawa a tagar kicin, an ɗaure murfin batirinta da roba. Ta san rigimar cire tallafin mai, ta san ƙudirin ware wa mata kujeru a majalisa da yadda ake ta jan ƙafa a kansa, ta san wanda ya sauya sheƙa jiya da wanda yake shirin sauyawa. Kuma ba saurare kawai take yi ba, amsa take mayarwa. In wani sojan baka ya shiga zuba, sai ta nuna rediyon da muciya ta ce masa ya ji tsoron Allah, bara ba haka ya faɗa ba. Hamisu direba yakan ce da za a miƙa mata lasifika, da tuni an rufe gidan rediyon.

Mutum ɗaya ce in tana magana Uwani take ajiye muciya, ita ce uwar ɗakinta. Duk Asabar Hajiya Nana tana rediyo, cikin shirin al'amuran yau da kullum, tana caccakar masu mulki kan lafiyar mata da karatun 'ya'ya mata, ba ta shakkar kowa. Ranar Alhamis da la'asar kuma falonta yakan cika da lauyoyi da likitoci da 'yan jarida, duk mata. Uwani takan kai musu zoɓo da cincin, sai ta tsaya gyara kofunan da ba su buƙatar gyara, don dai ta ji inda muhawarar za ta tsaya. Tana alfahari da matar nan, kuma ba a banza ba. Ranar da tafasasshen mai ya zubo mata a ƙafa, Hajiya da kanta ta tuƙa mota ta kai ta asibiti, ta zauna har aka gama ɗaure ciwon.

Abu guda ne Uwani ba ta taɓa kawowa a hira ba. 'Ya'yanta mata biyu ne. Ta farin, kamar yadda aka saba a wajensu, ba ta taɓa kiran sunanta ba. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Kunya ce, kuma a wajen irin su Uwani a cikin kunyar nan son yake ɓuya. Kakar yarinyar ce ta goye ta, don haka Uwani take ce mata "ta wajen Inna". Shekara shida da suka wuce, da damina, naƙuda ta kama yarinyar da hantsi. Aka kai ta ɗakin shan magani na ƙauyen, aka tarar da kwaɗo a ƙofa, don ma'aikacin ƙarshe ya bar wurin tun kafin azumi. Aka ɗora ta a amalanke za a nufi babban asibiti, sai aka iske rafi ya cika ya shafe hanya. A nan bakin rafin ta cika kafin la'asar, ita da abin da ke cikinta. Uwani ta je zaman makoki, ta karɓi gaisuwa ido a bushe yadda ake son uwa ta yi wa 'yar fari, ta dawo Kano ta ɗora tukunya.

Saura Rabi, autarta, wadda ke auren Lawan mai gyaran injin ban ruwa a can Tsamiya Uku. A farkon shekarar nan aka aiko wa Uwani cewa Rabi tana da ciki. Ta yi murna, sannan ta zauna ta ƙirga watanni da yatsu, sai ƙirgar ta faɗa tsakiyar damina. Ɗakin shan maganin kuwa har yau kwaɗon nan ne a jikinsa. Tun daga ranar tsoro ya shige ta. Matar da ba a taɓa jin ƙauri a girkinta ba, sai ga ta ta ƙona shinkafa sau biyu a mako guda.

Wata Alhamis ta shiga falo da tire, ta tarar wata matashiyar likita tana bayani da ƙarfin gwiwa irin na wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba. Cewa take matan karkara su ne ba sa son zuwa asibiti, jahilci ne da taurin kai, sai an dage da wayar musu da kai. Uwani ta dire tiren a hankali.

"Mun je," in ji ta. "A kulle yake."

Ta juya ta fita tana jin haushin bakinta.

Bayan baƙi sun watse Hajiya ta biyo ta kicin, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi ta lallashi har Uwani ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Hajiya ta yi hawaye, kuma ba za a ce na ƙarya ba ne. Sannan ta ce akwai babban taro da za a yi a wata mai zuwa, manyan mutane za su zo daga Abuja kan batun mutuwar mata wajen haihuwa, tana so Uwani ta tsaya a gabansu ta maimaita abin da ta faɗa yanzu. Uwani ta ce ita ba 'yar taro ba ce, amma in hakan zai sa a kawo ungozomar asibiti Tsamiya Uku kafin ruwa ya sauka, za ta tsaya ko a gaban waye. Hajiya ta dafa ƙirji ta ce ta ɗauki wannan alkawari, Tsamiya Uku ce farko.

"Amma sai kin faɗi sunanta," in ji Hajiya.

Uwani ta dube ta kamar ba da Hausa ta yi maganar ba. Hajiya ta ce mutanen nan sun gaji da jin dubu kaza sun mutu, ba ya taɓa su, suna ne kaɗai yake kama zuciya. To, da baƙuwa ce ta nemi haka, sai a ce rashin sani ne. Hajiya Nana kuwa ɗanta na fari, Usaid, ya kusa shekara talatin, kuma ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, "Babban gida" take ce masa. Ta san nauyin abin da take roƙo sarai. Uwani ta kwana uku tana juya maganar, ta auna kunyarta da ran Rabi, ta ga ba abin aunawa ba ne.

Ranar taron aka sa ta a gaban ɗaki mai sanyi kamar randa, cike da manyan riguna da kyamarori. Ta ba da labarin tiryan-tiryan, muryarta ba ta rawa. Da ta zo wurin sunan sai harshenta ya ƙi. Ta hango Hajiya a layin gaba tana gyaɗa mata kai. Ta tuna cikin Rabi.

"Sunanta Hansai," in ji Uwani. "Ni na haife ta."

Kukan da ba ta yi ba shekara shida ya ƙwace mata a nan, a gaban mazan da ba ta sani ba. Ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Babban baƙon da ya zo daga Abuja ya cire tabarau ya goge ido, ya miƙe ya yi shelar cewa za a tura ungozomomi ƙauyuka arba'in, kuma sunan aikin Shirin Hansai. Aka yi ta tafi. Kafin mako biyu aka sanar da cewa Hajiya Maryam Nana ce za ta shugabanci shirin.

A nan Uwani ta yi kuskurenta, kuma kuskure ne irin na mai riƙe alkawari, wanda yake zaton kowa haka yake. Lawan ya riga ya shirya cewa in cikin ya kai wata bakwai zai kawo Rabi gidan gwaggonsa a unguwar Gama ta Kano, ta zauna kusa da asibiti har ta sauka. Shiri ne mai kyau, yaron yana da hankali. Uwani ta kira shi a waya ta ce a fasa. Ta ce da wane ido za ta dubi mutane in aka kawo ungozoma da sunan yayar Rabi, sannan a ce Rabin ce ta fara gudu birni? Matan ƙauyen ma ai sai su ce tun da 'yar gida ba ta yarda da abin ba, su ma ba za su je ba. Lawan bai so ba. Da wani ne ya faɗa masa haka da ya yi gardama, amma suruki ba ya ja da surukarsa. Ya ce yadda ta ce haka za a yi.

Mutanen Tsamiya Uku suka ɗauki maganar da gaske, tun da Uwani ce ta faɗa, kuma sun ji ta a rediyo da kunnensu. Suka ɓalle kwaɗon, suka kori jemagu, suka share ɗakin suka shafe shi da farar ƙasa. Mai unguwa ya ware ɗaki guda a gidansa domin baƙuwar da za ta zo.

A Kano kuwa aka yanko muryar Uwani aka sa a talla. Safe da yamma, tsakanin labarai da tallan sabulu, sai a ji ta tana cewa sunanta Hansai, ni na haife ta, sannan kiɗa ya biyo baya, wani mai zaƙin murya ya jero godiya ga masu girma. Tana jin sa a shagon mai kayan miya, tana jin sa a cikin adaidaita sahu. Sunan da ta ɓoye a bakinta tun ranar suna ya zama abin da masu wankin mota suke kwaikwayo. Kowane ji sai ya sosa mata rai. Ta kashe 'yar rediyonta ta tura ta bayan buhun shinkafa, ta ce wa kanta ba komai, in dai ungozoma za ta je.

Gidan ma ya sauya. Taron Alhamis ya mutu ba tare da an yi masa sallama ba. Maimakon lauyoyi da likitoci sai ga maza masu dogayen huluna, 'yan jam'iyya, waɗanda ba zoɓo suke so ba, sai farfesu da gasassun kaji. Hamisu ya ba ta labari cewa yanzu in Hajiya ta shiga shirin Asabar, masu kiran waya take ba haƙuri, tana cewa gyara ba ya yiwuwa rana ɗaya. Uwani ta ce masa ya kama bakinsa. Sau uku tana tambayar Hajiya zancen ungozoma, sau uku ana ce mata ana kan aiki. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Cikin Rabi ya wuce wata bakwai, ya shiga na tara.

Akwai wata Milka, mutuniyar Wusasa ta Zariya, mai buga wa Hajiya takardu, tana zuwa kullum daga Badawa. Sun saba da Uwani, tare suke cin abincin rana a bayan kicin, Milka tana ce mata Yaya. Wata Laraba da azahar, ana yayyafi, ta shigo da takarda a ninke, ta ƙi zama, ta ƙi cin abinci. Ta ce jerin ƙauyuka arba'in ɗin ne da za a karanta ranar Asabar a bikin ƙaddamarwa. Uwani ta goge hannu ta ce ta karanto. Milka ta karanta tun daga na ɗaya har na arba'in. Uwani ta ce ta sake, wataƙila ta tsallake layi. Ta sake. Babu Tsamiya Uku.

Milka ta ce a jerin farko da ta buga, Tsamiya Uku ce a sama. Daga baya masu dogayen hulunan nan suka zauna da sakamakon zaɓen da ya wuce, akwati bayan akwati, duk ƙauyen da bai yi su ba suka soke shi. Akwatin Tsamiya Uku ɗaya ɓangaren ya bi. Uwani ta tambaye ta yaushe aka yi haka. Milka ta sunkuyar da kai ta ce wata biyu ke nan, kuma Hajiya ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa. Ta ce ta yi shiru don tsoron aikinta, amma jiya ta kasa cin abinci da ta tuna watan Rabi ya tsaya.

Wata biyu. Uwani ta san siyasa, ta shekara goma sha ɗaya tana jin yadda ake yin ta, soke sunan ƙauye bai ba ta mamaki ba. Shirun ne ya ci mata rai. Wata biyu da suka wuce hanya a bushe take. Da an ce mata kalma ɗaya a lokacin, da yanzu Rabi tana Gama tana shan kunun kanwa a gidan gwaggon mijinta. Kuma duk tsawon wata biyun nan tana dafa wa matar nan abinci, tana kai mata har ɗaki, matar tana ce mata sannu da aiki.

Ba ta taɓa hawa sama ba a kira ta ba, amma ranar ta hau. Ta tarar da Hajiya a gaban madubi tana ɗaura ɗankwali. A kan gado ga sabuwar atamfa an ɗinka, wadda aka tanadar wa Uwani ta sa ranar Asabar ta zauna a layin gaba.

"Hajiya, an karanta mini takardar."

Hannun Hajiya ya tsaya. Ba ta musa ba. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, an fi ƙarfinta, in ta ce sai Tsamiya Uku za a karɓe shirin gaba ɗaya a ba wani. Ta ce Uwani ta duba, ƙauyuka arba'in ne za su amfana, mata nawa ke nan, kuma in Allah ya yarda akwai kashi na biyu baɗi. Maganar tana fita sumul, irin yadda take fita a rediyo.

"Ban tambaye ki don me aka soke ba," in ji Uwani. "Don me ba ki faɗa mini ba?"

Hajiya ta daɗe tana kallon madubi. Sannan ta ce ta ji tsoron kada ran Uwani ya ɓaci ta ce a cire muryarta, ko wani ɗan jarida ya ji, alhali ba a ƙaddamar ba. Ta yi niyyar faɗa mata bayan Asabar.

"Kin san abin da na ba ki," in ji Uwani. "Ke ma uwar ɗan fari ce."

Hajiya ta ce yanzu-yanzu Hamisu zai ɗauki babbar motar ya je ya ɗauko Rabi, a kai ta asibitin kuɗi, duk wanda Uwani take so. Uwani ba ta ce na gode ba, ba ta kuma ce a'a ba, don ran 'yarta ya fi fushinta. Ta sauko, ta tsaya a ƙofar kicin ta kira Lawan.

Ya gaishe ta da ladabi kamar kullum. Ta ce ya shirya Rabi, mota tana tafe. Ya ce ai rafi ya kawo tun ranar Litinin, ya shafe hanya, ko babur ba ya wucewa. Maza ne kawai suke ƙetarewa a kan gora, ƙaton duman nan da ake runguma a yi iyo, su ma sai masu ƙarfin hali. Mai ciki wata tara ba ta hawa gora. Bai ce mata ke kika hana ni ba. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi.

"Lawan, ka yafe mini," in ji ta. "Shirinka shi ne daidai."

Ya rikice, ya ce haba Inna, ya miƙa wa matarsa wayar don ya tsere wa maganar. Muryar Rabi ta shigo da fara'a, tana ɗan haki. Ta ce ƙafafunta sun kumbura amma da sauƙi. Ta ce jiya ma sun sake share ɗakin baƙuwar, ita ta kai sabuwar tabarma, matar mai unguwa ta kai fitila. Ta ce mata sai tambayarta suke yi, tun da innarta ce ta kawo abin.

"Inna, ran yaushe za ta iso?"

Uwani ta jingina da bango. Ta hango Hamisu a tsakar gida yana goge gilashin motar da ba za ta kai ko'ina ba.

"Babu wadda za ta zo, Rabi," in ji ta. "Ni ce ke tafe."

Rabi ta tambaye ta a hankali ta ina za ta bi, ga ruwa. Uwani ta ce a gaya wa Lawan ya nemo mata gora babba da mutum biyu masu iyo, su ƙetaro su jira ta a bakin rafin gobe da hantsi. Ta kashe wayar, ta sauke tukunyar da ke kan wuta ba ta duba ko ta nuna ba, ta shiga ɗakinta ta fara ɗaure kaya.